Hoton da aka ɗauka daga sama zai iya auna ƙanƙarar Kilimanjaro?

Nura: Assalamu alaikum 'yan gida. An ba mu aiki a darasin taswira, wai mu bayyana yadda ake zana taswirar kogin ƙanƙara da hoton da aka ɗauka daga jirgin sama. Na zaɓi dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya tunda a Afirka yake. Na samo hotuna biyu na tauraron ɗan Adam, ɗaya na 1993, ɗaya na 2000. A na farko kan dutsen fari fat, a na biyu sai ɗan tsilli-tsilli. In na auna faɗin farin a kowanne na ɗebe, na gama aikin ke nan? Don Allah a taimaka.

Auwal: Wa alaikumus salam. Nura, hotunan nan biyu sun daɗe suna yawo, kuma ni ban taɓa yarda da su ba. Ka ɗauki hoton fadama a watan Agusta, ka sake ɗauka a Maris, sannan ka ce ruwa ya ƙare a duniya? Dusar ƙanƙara tana zuba yau, bayan kwana kaɗan ta narke. Da irin wannan ake tsorata mutane.

Hadiza: Malam Auwal, a kan hotunan nan gaskiyarka ne, kuma nan ne kuskuren farko da kowane ɗalibi yake yi. Abu biyu ne daban. Akwai dusar ƙanƙara mai zuwa da tafiya da yanayi. Akwai kuma ƙanƙarar da ta taru shekara bisa shekara, ta sama ta danne ta ƙasa har ta daskare ta zama kamar dutse, saboda nauyinta kuma tana gangarowa a hankali. Wannan ta biyun ake nufi da kogin ƙanƙara, ita ake aunawa. Daga sama duk fari ne, shi ya sa ba a tashin jirgi a ɗauki hoto sai a ƙarshen lokacin narkewa, lokacin da sabuwar dusa ta tafi ta bar tsohuwar a fili. Nan Ostiriya inda nake karatu, a ƙarshen Agusta zuwa Satumba ake yi. In dusa ta zubo ana gobe za a ɗauki hoton, an fasa tashi.

Nura, ka ajiye waɗancan hotuna. Ba su ne hujjar masana ba.

Nura: To Anti Hadiza, mece ce hujjar tasu?

Hadiza: Taswirori ne da aka jera. A 1912 Fritz Klute da Eduard Oehler sun hau dutsen da kyamarar awo suka yi taswirar ƙanƙarar da ke kan Kibo, wato ƙololuwar da ta kai mita 5,895. Daga ƙasa suka ɗauki nasu hotunan. A watan Fabrairu na 2000 tawagar Lonnie Thompson na Jami'ar Jihar Ohio ta sa aka ɗauki hotuna daga jirgin sama, aka sake a 2007. Sakamakonsu: kusan murabba'in kilomita 12 a 1912, kusan 2.5 a 2000, sai 1.85 a 2007. Wato kashi 85 cikin ɗari ya tafi.

Malam Sabo: Nura ɗana, bari in sa baki, don wannan aikin na yi shi da hannuna shekaru da yawa, sai dai a kan duwatsu da gonaki na yi, ban taɓa taka ƙanƙara ba. Hanyar ɗaya ce.

Miƙe hannunka ka ɗaga babban yatsa. Rufe idon hagu ka duba, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Ka ga yatsan ya yi tsalle, amma bangon da ke can nesa bai motsa sosai ba? To duk ilimin a nan yake. Abin da ke kusa yana tsalle da yawa, na nesa kaɗan. Jirgi yana tafiya a miƙe, kyamara tana kallon ƙasa, tana ɗaukar hoto bi da bi, kowane hoto yana hawa kan na gabansa da kashi 60 cikin ɗari. In ya kai ƙarshen layi ya juyo, sabon layin yana hawa kan tsohon da kamar kashi 30. Saboda haka kowane dutse ya fito aƙalla a hoto biyu, daga wuri biyu, kamar ido biyu. Tsallen da ya yi tsakanin hotunan shi ne ke gaya maka tsawonsa.

A zamaninmu fim ɗin santimita 23 ne kowane gefe, gilashin kyamarar kuma milimita 152. In kana son sikelin ɗaya bisa 20,000, jirgi zai tashi kimanin mita 3,000 sama da ƙasar da ake ɗauka. Hoto ɗaya ya ci kilomita 4.6 kowane gefe, tsakanin hoto da hoto kuma jirgi ya yi tafiyar kusan kilomita 1.8. Ka ga kamar ƙato ne mai idanu biyu da tazarar kilomita 1.8 tsakaninsu. Yanzu lissafa da kanka inda jirgi zai kai in abin da ake ɗauka yana kan mita 5,895.

Ranar farko da aka zaunar da ni gaban madubi mai ido biyu da ake kallon hotunan jirgi da shi a ga tudu da kwari, aka shimfiɗa hotuna biyu a ƙarƙashinsa, na fi minti goma ban ga komai ba sai jiri. Malaminmu yana ta matsar da hoton dama kaɗan-kaɗan da ɗan yatsa. Can sai dutsen ya taso daga takarda, har na kai hannu zan taɓa shi. A babbar na'urar zane akwai wani ɗan ɗigo da kake gani yana yawo a iska, kana murza tayoyin hannu kana taka na ƙafa har ya sauka daidai a kan ƙasa. In ka riƙe shi yana shafar ƙasa a tsawo ɗaya kana bin gefen dutse, alƙalami yana can yana zana layin tsawo. Haka aka yi taswirorin ƙasar nan na ɗaya bisa 50,000.

Nura: Allah ya saka da alheri Baba. Wato jirgin sai ya kai kusan mita 9,000. Amma me zai hana in aza rula a kan hoto ɗaya in auna kawai?

Malam Sabo: Hoto ba taswira ba ne. Kan dutse ya fi kusa da kyamara, don haka ya fi girma a hoton, kwari kuma ya ƙanƙance. Sannan duk abin da ke da tsawo yana kwantawa zuwa gefen hoto. A fili shimfiɗaɗɗe za ka iya sha da ƙyar, amma a kan dutse rularka ƙarya za ta yi maka. Sai an fitar da tsawon kowane wuri tukuna, a gyara hoton da shi ya kwanta daidai, sannan a bi gefen ƙanƙarar a zana.

Injiniya Bashir: Baba, da girmamawa, wannan duk tarihi ne. Yau in ka ba ni jirgi marar matuƙi da batir huɗu, zan ɗauki hoto ɗari biyar da suka hau juna da kashi 80, in zuba wa kwamfuta, kafin gari ya waye ta nemo ɗigo miliyoyi da suka yi daidai a hotunan ta gina mini siffar wurin. Kowane ɗigon hoto santimita uku ko huɗu ne a ƙasa. Da shi nake auna ramukan kwasar yashi da kwararon zaizayar ƙasa. Babu fim, babu jiri.

Hadiza: Injiniya, muna amfani da shi, kuma yana da kyau ƙwarai a ƙananan wurare. Amma ramin yashi bai taɓa nuna maka matsalar ƙanƙara ba. Kwamfutarka tana neman tabo ne, abin da za ta gane a wannan hoto ta sake gane shi a wancan. A ƙasan kogin ƙanƙara akwai tsaga, akwai ƙura, akwai tsakuwa, sai ta samu abin kamawa. A can sama inda sabuwar dusa ta kwanta sumul kamar an shimfiɗa farin alawayyo, babu tabo ko ɗaya. Rana ta haska, hoton ya ƙone fari. Gefen da inuwar dutse ta rufe kuma baƙi ƙirin. Sai ka ga siffar da kwamfuta ta fitar tana da ramuka da tuddan da babu su a zahiri. Kuma wurin nan na sama shi ne inda ƙanƙarar ke samun ƙari, ba za ka ce ka bar shi ba.

Ga sanyi kuma. Ni da kaina na sa batir cikin rigata ina ɗumama shi da jikina kafin a tashi jirgin. A kan Kilimanjaro iskar ma kusan rabin ta bakin teku ce, farfela ba ta samun abin turawa sosai.

Injiniya Bashir: To ai akwai lesa, na'urar auna nisa da haske. A ɗaura wa jirgi, ya harba haske ya dawo, ba ruwansa da tabo.

Hadiza: Haka ne, lesa ta fi ƙarfi a kan farar dusa. A kogin ƙanƙara na Hintereisferner da ke nan kwarin Ötztal tun 2001 ake auna shi da lesa daga jirgi. Sai dai tsada, kuma lesa ba za ta koma 1960 ta auno maka ba.

Malam Sabo: Yauwa 'yata, nan nake jira a zo. Bashir, ina ka ajiye duwatsun shaidarka, wato wuraren da ka san matsayinsu da tsawonsu a ƙasa, da ake daidaita hotuna da su?

Injiniya Bashir: Ina shimfiɗa alamu masu baƙi da fari, in auna su da GPS. Sabbin jiragen ma suna sanin inda suke da kansu zuwa santimita kaɗan.

Malam Sabo: To a kan ƙanƙara alamar da ka shimfiɗa yau, baɗi ba ta nan inda ka bar ta. Ƙasar ce ke tafiya. Ta gangara, kuma ta nutse. Saboda haka shaidar gaske sai a kan dutsen da ke gefe, wanda ba ya motsi. Kuma shi ne alƙalin aikinka gaba ɗaya. In ka ɗora siffar bana a kan ta shekara goma da suka wuce ka ɗebe, a kan dutsen nan dole ka samu sifili ko kusa da shi. In ka ga dutse ya nutse mita uku, ba dutsen ba ne, aikinka ne ya karkace, kuma duk lambar da ka samu a kan ƙanƙarar ta ɗauki wannan karkatar. Duk wanda ya kawo mini sakamako bai nuna mini abin da ya samu a kan dutse ba, ba na karɓa.

Rabi'atu: Ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, ina ta bin ku a hankali. Baba, me ake ɗebewa? Na ɗauka faɗi kawai ake aunawa.

Hadiza: Malama, faɗi rabin labari ne. Ƙanƙara tana iya zama da faɗinta kusan yadda yake alhali tana ramewa daga sama, kamar sabulun da ake ta wanka da shi. Shi ya sa ake gina siffar tsawo ta shekaru biyu daban a ɗebe ɗaya daga ɗaya. Misali na lissafi kawai: ƙanƙara mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya ta rage kauri da mita 10. An rasa mita kubik miliyan 10. Don a mayar da shi ruwa ana ninkawa da nauyi. Tsantsar ƙanƙara kilo 917 ce a mita kubik ɗaya, amma da yake akwai sashen da bai gama dannuwa ba, an fi amfani da 850. Ka ga tan miliyan 8.5 na ruwa ke nan.

A Kilimanjaro, ƙanƙarar Furtwängler da ke kusa da ƙololuwa ta rasa kusan rabin kaurinta tsakanin 2000 da 2009. Mai kallon faɗi kaɗai ba zai ga girman wannan ba.

Sannan in an samu hotuna biyu masu ɗan tazara, ana bin tsaga ɗaya ko wani babban dutse da ke kan ƙanƙarar a ga nisan da ya yi, a san saurin gangarowarta.

Auwal: Na ji duk wannan. Amma ga tambayata. Thompson ɗin nan da kuke ambata, ba shi ne a 2002 ya ce tsakanin 2015 da 2020 ƙanƙarar za ta iya ƙarewa ba? Mun wuce 2020, masu hawa dutsen har yanzu suna ɗaukar hoto a gefenta. Kuma na ga wani wuri an ce 11.4 ne a 1912, ku kun ce 12. Wanne ne gaskiya?

Hadiza: Tambaya mai kyau, kuma duka biyun ka faɗi daidai. Hasashen bai cika a kan lokacinsa ba. Amma ka raba awo da hasashe. Awo shi ne abin da hoto ya nuna a ranar da aka ɗauke shi. Hasashe shi ne ka ja layi zuwa gaba, kuma ƙanƙara ba dole ta bi layinka ba.

Game da 11.4, Nicolas Cullen da abokan aikinsa ne suka sake duba tsoffin taswirorin a binciken da suka fitar a 2013. Suka samu 11.40 a 1912 da 1.76 a 2011. Taswirar 1912 ɗaya ce, amma wajen ɗora ta kan ma'aunin zamani da yanke inda gefen ƙanƙara ya tsaya, hannu biyu sun bambanta. Ɗauki wadda ka ga dama, za ka ga abin da ya tafi bai bar wajen kashi 85 ba.

Auwal: To ko da ta ragu, wa ya ce zafi ne? Na karanta cewa a can sama sanyi bai cika barin ƙasa da sifili ba.

Hadiza: A nan masanan kansu sun yi ja-in-ja. Georg Kaser da Thomas Mölg sun nuna cewa bushewar iska da ƙarancin zubar dusa tun ƙarshen ƙarni na 19 suna da babban hannu, kuma rana tana cin bangayen ƙanƙarar da ke tsaye a miƙe, wani sashe ma yana tashi tururi kai tsaye ba tare da ya zama ruwa ba. Thompson ya fi ba ɗumamar yanayi nauyi. Hoton jirgi ba zai raba wannan gardamar ba. Nawa ta ragu kawai zai gaya maka. Dalili sai an kafa na'urorin yanayi a kan ƙanƙarar. Shi ya sa ni ba na son a riƙa ɗaukar Kilimanjaro kaɗai a matsayin hujjar ɗumamar duniya, alhali ga wuraren da hujjar ta fi fitowa fili. Suwizalan ta rasa kashi 10 cikin ɗari na ƙanƙararta a shekaru biyu kacal, 2022 da 2023.

Auwal: Wannan amsar na yarda da ita fiye da hotuna biyun farko. Amma har yanzu ina ganin ana zuzuta abin a jaridu.

Injiniya Bashir: Ni abin da ban gane ba shi ne, ga taurarin ɗan Adam suna ɗaukar duniya kyauta kowane mako, me ya sa ake wahala da tsoffin takardu?

Hadiza: Saboda Landsat na farko, wato tauraron ɗan Adam mai ɗaukar hoton ƙasa, a 1972 aka harba shi. Kafin nan babu abin da za ka kama sai fim. A 1936 da 1938 'yan Norway sun yi shawagi a tsibiran Svalbard suka ɗauki hotuna sama da 5,500, a karkace ma, ba kai tsaye ƙasa ba. Suna nan a ajiye fiye da shekara tamanin. Aka zo aka sa su a kwamfuta da irin dabararka ta neman tabo, Injiniya, aka gina siffar ƙanƙarar yadda take a wancan lokaci, aka fitar da sakamakon a 2022. Dabararka ce ta farfaɗo da fim ɗin su Baba.

Haka a Himalaya. Amurka tana da taurarin leƙen asiri masu suna Hexagon a shekarun 1970, suna ɗaukar hoto a fim, su jefo shi cikin kwanso da lema, jirgi ya cafke shi a iska. Da aka buɗe sirrin hotunan, aka yi amfani da su aka auna kogunan ƙanƙara kusan 650. Binciken da ya fito a 2019 ya nuna suna rasa kaurin kusan kwatan mita a shekara daga 1975 zuwa 2000, ya koma kusan rabin mita daga 2000 zuwa 2016.

Wahalar tsohon fim ita ce ya miƙe ko ya tsuke da shekaru, wani lokaci kuma takardar bayanin kyamarar ta ɓata. Ƙananan alamomin da ke kusurwoyin hoton su ake bi a gyara.

Malam Sabo: Wannan magana ta taɓa ni. A wani ofishi da na yi aiki akwai ɗaki cike da akwatunan hotunan jirgi na shekarun 1960, kowane layi da lambarsa, da taswirar da ke nuna inda jirgi ya bi. Bayan na yi ritaya na koma neman wasu. Rufi ya yi yoyo, gara ta shiga. Na ɗaga kwali ɗaya, hotunan sun manne da juna sun zama dunƙule, in ka ɓanɓare sai fuskar hoton ta biyo hannunka. Na tsaya a ɗakin nan na kasa magana. Ba mu da ƙanƙara, amma muna da tudun rairayi masu tafiya a wajen Yusufari, muna da kwararon zaizaya a Gombe, muna da gaɓar Tafkin Cadi. Duk da wannan hanyar ake auna su, kuma ba a iya komawa a sake ɗaukar hoton 1962.

Rabi'atu: Innalillahi. Baba, babu kwafi a wani wuri?

Malam Sabo: Wasu layukan wata hukumar safiyo ta Birtaniya ce ta ɗauka a lokacin, kuma an ajiye tarin hotunanta a can. Mai bincike zai iya nema. Amma waɗanda aka ɗauka a nan aka ajiye a nan, sai abin da Allah ya tsare.

Injiniya Bashir: In akwai waɗanda suka rage a hannun wani, ina da na'urar sikan mai kyau. Sai dai a ɗauke su har da gefensu, kar a yanke alamomin kusurwa da Hadiza ta faɗa.

Nura: Na gode ƙwarai. Yanzu na fahimci zan fara da lokacin ɗaukar hoto, sai hawan hotuna kan juna, sai shaida a kan dutse, sai gyaran hoto, sannan faɗi da kauri. Tambaya ta ƙarshe Anti Hadiza: in tsakuwa da ƙasa sun rufe ƙarshen ƙanƙarar fa, ta yaya ake sanin inda ta tsaya?

Hadiza: Wannan yana cikin mafi wuya, musamman a Himalaya inda wasu kogunan ƙanƙara ke tafiya kilomita da dama a ƙarƙashin tarin duwatsu. A hoto ɗaya ba ka bambanta su da gefen dutse. Sai ka duba abu uku: inda ƙasa take nutsewa tsakanin shekaru biyu, inda duwatsun suke matsawa gaba, da inda ruwa ke ɓullowa daga ƙasan. Duk da haka in ka ba mutum biyar hoto ɗaya, layi biyar za su zana. Mu a nan sai mun je da ƙafa, mu kau da tsakuwa da takalmi mu ga ko akwai baƙar ƙanƙara a ƙasa. A Kilimanjaro ka huta da wannan, don gefen ƙanƙarar da ke saman tsaye yake kamar katanga a kan baƙin yashin dutse.

Malam Sabo: Nura, madubin nan mai ido biyu na aljihu yana nan a wurina, da hotuna guda shida da na tsira da su. In kana gari ranar Asabar bayan la'asar ka zo ka gani da idonka kafin ka rubuta. Bashir, kai ma ka zo da na'urar taka.

Nura: In sha Allahu ina nan tafe, Baba.